Tambayi Gwaggo Sista: In Ciwo Ya Same Ka a Ƙasar Mutane

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki, guda huɗu duk a kan ciwon da ke tsare mutum a tafiya. Masu tambayar haƙoran yara da ciwon baya su yi mini haƙuri sai wata mai zuwa, na ajiye nasu a ƙarƙashin faranti, ba za su ɓace ba.

Gwaggo, barka da aiki. Ina da shagon kayan waya a Sabon Gari. A watan Oktoban bara na je birnin Gwanzu na ƙasar Chaina sarin kaya, tafiyar kwana goma. Kwana uku da sauka na fara jin sanyi da ciwon kai, na ce gajiyar jirgi ce da esin otal. Na sha farasitamol na ci gaba da zaga kasuwa. Ban gaya wa kowa ba, don na ji ana cewa in ka je asibiti da zazzaɓi a can killace ka za a yi, ga shi kuɗin da ke jikina na kaya ne, rabi ma na mutane. Rana ta shida abokin ɗakina ya tarar ina sambatu, shi ya kai ni asibiti. Aka yi ta gwaje-gwaje, sai washegari aka ce maleriya ce. Na yi kwana biyar a kwance, jirgi ya tashi ya bar ni, kuɗin kaya ya ƙare a gado da sabon tikiti. Sauron can ne ya cije ni? Zan koma bayan Sallah, amma gabana faɗuwa yake.
Ɗanki a Sabon Gari

Ɗana, sannu da jiki, Allah ya mayar da abin da aka rasa. Amma ka wanke sauron Chaina, ba ruwansa. Naka na gida ne ya yi maka rakiya, ba biza ba tikiti.

Ga lissafin. Ƙwayar maleriya in ta shiga jiki ba ta nuna kanta nan take. Hanta take fara zuwa ta kwanta ta hayayyafa, sai bayan aƙalla kwana 7, galibi ma kwana 10 zuwa 15, ta fito cikin jini mutum ya fara rawar ɗari. Kai a kwana na uku ka fara. Ja baya da mako biyu, ina kake? Kana Sabon Gari a ƙarshen damina, lokacin da kwatoci suka cika, sauro ya fi kowane lokaci ƙarfi, wataƙila kana zaune ƙofar shago bayan isha'i kana haɗa kuɗin tafiyar. A nan aka yi cizon.

Abin da ya sa aka kwana ana nema kuwa, ba rashin iya aiki ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Chaina shaidar rabuwa da maleriya a watan Yunin 2021. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wato su Dubai, ta samu tata tun 2007, Masar kuma a Oktoban 2024. Mu nan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a duniya a Najeriya suke, shi ya sa yaron kemis a Tudun Wada yana ganin idonka zai ce maleriya. Likitan da ya tashi a ƙasar da babu ita, hankalinsa mura zai fara zuwa, sai ciwon huhu, sai gurɓataccen abinci. Gwanzu ma da sauƙi, suna ganin baƙi daga Afirka. Kai ne ya kamata ka fara faɗa masa, kuma kai a lokacin ba ka cikin hayyacinka. Da a rana ta farko ka je da ƙafarka ka ce daga Najeriya kake, a gwada maka maleriya, da zancen bai wuce ɗigon jini a yatsa da kwalin ƙwayoyi ba. Kuɗin da ka ji tsoron kashewa ranar, ninkinsa nawa ka biya a rana ta shida? Ka fi ni sani.

Na yi shekara talatin da ɗoriya a ɗakin marasa lafiya, kuma wannan halin na mazanmu na san shi kamar yunwar cikina. Ba a son a ce an yi raki. Sai an ɗauko mutum ranga-ranga, matarsa ta ce ai tun ranar Talata yake ɓoyewa. A gida ma hakan yana kisa, balle inda ba ka jin yarensu. Irin maleriyar da muke da ita ita ce mai hawa kai, tana iya juyewa cikin kwana guda. Sambatun da ka yi alama ce ta cewa ta fara taɓa ƙwaƙwalwa. Fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ido ya yi rawaya, amai ya hana ruwa zama, numfashi ya yi sama, ko jijjiga: ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a kira motar asibiti. Lambarta a Chaina 120 ce. Killacewar da aka tsorata ka da ita labarin zamanin korona ne, an daina tsare masu shiga ƙasar tun Janairun 2023, kuma maleriya ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum ta numfashi.

To, tafiya mai zuwa. Mako biyun da suka rage kafin tashi ka kwana a gidan sauro ko da zafi, domin su ne ke yanke hukunci. In ka ji ko ɗan kasala ana gobe tafiya, ka je a gwada jininka. Ka ga likitanka ya rubuta maka maganin nan mai haɗi biyu, atimita da lumefantirin, irin su Coartem, ka saya a wurin da ka yarda da shi, mai lambar NAFDAC, ka sa shi a jakar hannu cikin kwalinsa. Sha shida ne cikin kwana uku, na biyu bayan awa 8 da na farko, sauran safe da yamma, kuma da madara ko abinci mai maiƙo ake shan sa, in ba haka ba hanji ba ya tsotse shi yadda ya kamata. Ba na ba ka shi don ka zama likitan kanka a otal ba ne. Na tsaron ne, in dare ya yi ko asibitin da ka je ba su da shi a hannu. Gwaji dai dole, kuma in na farko bai nuna komai ba alhali zazzaɓi na nan, a sake washegari. Abin dariya, tushen maganin nan daga Chainar ya fito: wata masaniya mai suna Tu Youyou ce ta tato shi daga wani ganye ɗan'uwan tazargade, har aka ba ta lambar Nobel a 2015. Kada wani ya ji haka ya ce zai jiƙa tazargade ya sha, jiƙo ba shi da awo.

Dalilin da ya sa na nace da gwaji shi ne Gwanzu tana da nata zazzaɓin sauron, wanda ake kira dengi. A 2014 ya kwantar da dubun dubatar mutane a birnin, kuma wajen Satumba da Oktoba ya fi tashi. Farkonsa kamar maleriya yake, da ciwon gaɓɓai da ciwo a bayan ido, amma maganin maleriya ba ya yi masa komai. Mai shi kuma in ya sha asfirin ko ibufurofen ko dikulofenak yana iya jawo wa kansa zubar jini. Saboda haka in zazzaɓi ya kama ka a can, farasitamol kaɗai, kada ka wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini, ka kuma lura yawancin magungunan mura akwai shi a ciki.

Kafin ka bar Zariya ka sa a rubuta maka da rubutun Sinanci, a takarda da kuma a waya: daga Najeriya na zo ranar kaza, ina zazzaɓi, a gwada mini maleriya. Google da WhatsApp ba sa aiki a can kai tsaye, don haka manhajar fassara ka sauke ta tun a gida, irin mai yi ba sai da intanet ba. Asibitinsu da fasfo ake zuwa, kuma biya ake yi kafin kowane mataki, kati, gwaji, magani, in kwanciya ce a ajiye kuɗi gaba. Ka ware kuɗin ciwo daban da kuɗin kaya, ka sayi inshorar tafiya, ka tattara kowane rasit da takardar sallama. In kwanciya za ta cinye kwanakin bizarka, a kai takardar asibiti ofishin shige da fice tun kafin ta ƙare. Akwai ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a Gwanzu, a sanar da su, sai dai kada ka sa ran su ne za su biya asibiti. Abokin ɗakin nan naka kuwa, ka kai masa turmin shadda har gida.

Gwaggo Sista, ina wuni. Zan raka Hajiyarmu Umara, mako biyu za mu yi. Shekarunta 68, tana da ciwon suga, tana allurar insulin, ga hawan jini. Saboda ciwon gwiwa wani lokaci tana shan tiramadol. Wannan ce fitata ta farko, ban san me zan yi ba in jikinta ya motsa a can.
'Yarki a Ƙofar Doka

'Yata, Allah ya karɓa, ya ba ki ladan ɗawainiya. Bari in fara da wanda zai iya hana ku ganin Ka'aba gaba ɗaya. Tiramadol a Saudiyya yana cikin magungunan da aka sa wa tsaro mai tsanani, ba a shiga da shi sai da rahoton likita da izinin hukumarsu. Shawarata, ku koma wurin likitanta tun yanzu ya sauya mata wani na tsawon tafiyar, ku bar shi a gida. Kina tuna ɗalibar nan ta Kano da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda jakar tiramadol da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba? Sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan gaskiya ta fito. Ita ma da ba ta da laifi wata huɗu ta yi. Don haka saƙon kowa kada ki karɓa, ko na surukarki ne, sai kin kwance kin gani da idonki. Ki ƙirga jakunkunanku da lambobin da aka liƙa. Goron Hajiya ma ya zauna a gida, shi ma an hana.

Allurar sanƙarau a yi ta aƙalla kwana 10 kafin sauka, a rubuta a katin nan mai ruwan ɗorawa tare da ta shawara. Ta shawara sau ɗaya ake yi a rayuwa, tun 2016 aka daina cewa a sabunta duk shekara goma.

Magungunanta duk a jakar hannu, a kwalayensu, har da ƙarin na mako guda. Insulin musamman kada ya shiga kayan awo, cikin jirgi ta ƙasa sanyi yake yi, in ya daskare ya mutu, ko da ya narke daga baya. Zafin mota ma yana kashe shi. Likita ya rubuta sunayen magungunan na asali da awonsu, ba sunan kamfani ba, domin in kin ce wa mai kemis a Makka ƙaramar fara mai tsaga a tsakiya, kallonki kawai zai yi. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, ba wani rikici ba ne, ku bi agogonsu daga ranar farko.

Abin da ya fi kama masu suga a Umara biyu ne. Na ɗaya faɗuwar suga. Sa'ayi kaɗai ya haura kilomita uku, ga ɗawafi a kai, ga tafiya daga masauki, tsohuwar da a gida iyakarta tsakar gida. In kin ga tana gumi mai sanyi, hannu na rawa, ko ta fara faɗa ba dalili, ba ta dabino uku ko lemo mai zaƙi nan take, sannan ki auna. Kada ta yi allura ta fita ba ta ci abinci ba. Na biyu ƙafa. Mai suga ba ya jin ƙuna sosai. Takalmi ya ɓace a ƙofar Harami, ta ce ba komai ga otal can, ta taka kwalta da azahar, tafin ƙafa ya sale ba ta sani ba. Ki sa takalmanta a ƙaramar jaka a kafaɗarki, kowane dare ki duba tsakanin yatsunta. Akwai keken turawa da motocin lantarki na ɗawafi da sa'ayi. In ta ce ita da ƙafarta za ta yi, ki haɗa ta da malamin tawagarku, bakinsa zai fi naki tasiri.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri, wanzami dai ba ya son jarfa. A Umarata ta farko ni ce Sistar tawaga, ɗakina ya zama kemis, mai tari ya zo, mai ciwon kai ya zo. A Madina na ci shinkafar da aka kawo tun rana, sai bayan isha'i na buɗe ta, na ji ta ɗan canza amma na ce asara ce a zubar. Kafin asuba na shiga bayi sau bakwai. Na yi shiru, wai kada a ce mai magani ta kwanta. Na kuma haɗiyi ƙwayar hawan jinina mai sa fitsari kamar kullum, ni da na sha hana mutane hakan. Na ɗaura mayafi zan tafi masallaci, ina tsaye bakin lif sai na ga bangon ya karkace. Da na farfaɗo kaina yana kan cinyar wata tsohuwa 'yar Kwarbai da muke ɗaki ɗaya, wadda ko aji ɗaya ba ta taɓa shiga ba. Ta riga ta juye ƙananan gorunan ruwa biyu a jug, ta sa sukarin shayinmu cokali shida, gishiri rabin cokali, tana ɗura mini da murfin filas tana cewa, sha Malama, haka kuka koya mana ranar awo. Awon nata daidai ne: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Duk da haka sai da aka ƙara mini leda biyu na ruwa a asibiti, na rasa sallolin kwana biyu a masallacin Annabi, abin da har yau yake ci mini rai.

Ke ki tafi da haɗin gishiri da sukari na leda wanda ake sayarwa a kemis, ya fi daidaito. In gudawa ko amai ya kama Hajiya, ki ba ta, ki riƙa auna sugarta akai-akai, kada ki tsayar da insulin da kanki, kada kuma ki jira kwana biyu. Mai suga da hawan jini in ruwan jikinsa ya ƙare, ƙoda ce ke fara biya, kuma akwai ƙwayoyin da likita zai ce a dakatar a ranakun. In akwai jini a bayan gida ko zazzaɓi, ban da maganin tsayar da gudawa. Akwai wuraren duba marasa lafiya a cikin Haramin da kewayensa. Motar asibiti 997 ce, 937 kuma layin ma'aikatar lafiyarsu ne na neman shawara. Bizar Umara tana zuwa da inshorar lafiya ta gaggawa a cikin kuɗinta, ki sa ejan ɗinku ya ba ki takardar a hannu. Tarin da kowa ke dawowa da shi, takunkumi a cikin cunkoso yana rage shi. In an kai ku ziyara aka miƙo nonon raƙumi ɗanye, ku ce kun gode. Akwai cutar numfashi da aka gano a ƙasar a 2012 mai alaƙa da raƙuma, kuma masu suga ta fi kayarwa.

Hajiya Sista, ni malami ne a Samaru, zan je taro Jamus na kwana biyar. An tilasta mini sayen inshora kafin a ba ni biza. Ina ganin takardar cika sharaɗi ce kawai. Tana da wani amfani? Ina da asma, amma ta daɗe ba ta tashi ba.

Malam, tana da amfani in ka karanta ta. Ƙasashen Turai masu bizar Shengen, ciki har da Jamus, suna neman inshorar da za ta ɗauki aƙalla Yuro 30,000, har da kuɗin dawo da mara lafiya gida. Ka buga ta a takarda, ka ajiye lambar wayarsu ta gaggawa, in wani abu ya faru su za ka fara kira kafin ka sa hannu a takardar biya. Ka nemo sakin layin da ya yi magana a kan ciwon da mutum yake da shi tun kafin tafiya, yawancinsu a nan suke zamewa, kuma asmarka tana ciki. Sanyin can yana tayar da wadda ta yi barci, ka tafi da abin shaƙarka biyu, domin a Jamus ba a miƙo irinsa sai da takardar likita, kuma ranar Lahadi kemis a rufe suke sai masu aikin jiran gaggawa. Gaggawa 112, likitan dare da ƙarshen mako 116117. In zuciyarka ba ta kwanta da inshora ba ta fuskar addini, akwai masu takaful, wato inshorar Musulunci, a ƙasar nan, ka tambaya ko ofishin jakadancin yana karɓar tasu. Abin da na gaya wa ɗana na Sabon Gari a kan maleriya kai ma ya shafe ka, sauron Samaru bai san digiri ba.

Gwaggo, maigidana ya dawo daga Chaina kwana uku ke nan. Sha-raɓarsa ta hagu ta kumbura, da zafi, yana ɗingishi. Ina gasa masa da ruwan ɗumi ina murza masa man zafi, amma ba sauƙi.
'Yarki a Gyallesu

Wannan ban jira mujalla ba, ranar da saƙon ya iso na kira ta. Na buga ne don wasu. Ƙafa ɗaya ta kumbura da zafi bayan doguwar tafiyar jirgi, gudan jini ne a jijiya har sai hoto ya ce ba shi ba ne. Zaman da ya wuce awa huɗu ƙafa a lanƙwashe yana sa jini ya kwanta ya daskare, shi kuwa daga Gwanzu zuwa Adis Ababa kaɗai ya haura awa goma, ga jira, ga na Kano, ga mota zuwa Zariya. Murzawa ita ce abin tsoro, gudan yana iya ɓallewa ya bi jini ya toshe huhu. In mutum ya fara ciwon ƙirji, ko haki, ko tarin jini, minti ma yana da tsada. Masu tafiya, ku tashi ku taka a tsakiyar jirgi duk bayan awa ɗaya ko biyu, ku riƙa motsa idon sawu, ku sha ruwa ko da zai sa ku dami maƙwabcin kujera.

Na ce mata ta ajiye man zafin, kada ya tuƙa da kansa, su nufi asibitin koyarwa na Shika yanzu, ta kuma faɗa wa likita awa nawa ya yi a jirgi tun kafin a tambaye ta. Bayan magariba ta kira ni. An yi hoton, an ga gudan a bayan gwiwa, an fara masa allurar tsinka jini. Ina jiyo muryarsa ta cikin wayar yana tambayar wa aka ba makullin shago.